Yadda ake awon fuska kafin a sa wa babba wayar gyaran haƙori

Ɗaliban aikin haƙori da ma'aikatan ƙananan asibitoci na nan Maraɗi sun daɗe suna yi mini tambaya guda: yaya ake auna fuskar babban mutum kafin a sa masa waya, kuma me ake yi da lambobin bayan an auna? Mafi yawansu sun iya duba cikin baki, sun san haƙorin da ya hau ɗan'uwansa da wanda ya juya. Inda ake samun tangarɗa shi ne waje, wato leɓe da hanci da haɓa, alhali su ne abin da jama'a ke gani. Ga yadda nake yi, daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu: lambobin da ke cikin manyan littattafai a fuskokin Turawa aka auna su, don haka ba a cire wa Bahaushe haƙori don kawai leɓensa ya ƙi zama kan layin da aka ja wa wani.

1. Haɗa kaya

Kana buƙatar rula ta ƙarfe mai milimita wadda sifilinta ya fara daga bakinta, da ma'auni mai baki biyu irin na makanikai, da jagira ko alƙalamin da ake gogewa daga fata, da safar hannu, da auduga da sifirit. Sai madubi da za a kafa a bango, da zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa, da ƙyalle fari ko shuɗi marar zane don bayan hoto, da ma'aunin kusurwa na 'yan makaranta, da waya mai kyamara mai kyau tare da abin ɗora ta.

Kusan duk wannan ana samunsa a babbar kasuwa, kuma ba shi ne zai ci kuɗinka ba. Ma'auni mai baki biyu ne kawai ya kamata ka buɗe aljihu a kansa, ka sayi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Abin da ke da tsada a gaba yake: hoton ƙashin kai daga gefe, da kuɗin motar zuwa inda ake yinsa.

Gargaɗi: bakin ma'aunin makanikai yana da tsini. Ka goge kaifin da sanfefa kafin ka kai shi kusa da idon mutum, kuma kada wanda aka auna ƙarfe da shi a gareji ya shigo ɗakin duba marasa lafiya. Duk safiya ka rufe bakinsa ka ga ya koma sifili.

2. Yi magana da mutumin kafin ka ɗauki ma'auni

Tambaye shi abin da ya kawo shi, ka rubuta da kalmominsa. Wanda ya ce "bakina ba ya rufuwa idan ina barci" da wanda ya ce "haƙorana sun hau juna" ba abu ɗaya suke nema ba, ko da awonsu ya zo daidai.

Ka tambayi batun wushirya musamman. A littafi aibi ce da ake rufewa, a wajenmu kuwa ado ce. Wata matar aure ta taɓa zuwa wurina saboda haƙoranta na ƙasa da suka cunkushe. Ina cikin yi mata bayanin tsarin aiki na ce za a haɗe ratar sama, sai ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Likita, wannan ta mahaifiyata ce, ka bar mini ita." Da ban faɗa da baki ba, da sai bayan wata shida za mu gane mun saɓa. Tun ranar na sa tambayar a takardar farko.

A nan ne kuma ake neman izinin hoto. Mace za ta buɗe goshi da kunne da wuya, don haka a tanadi ma'aikaciya mace, a rufe ƙofa, idan ta zo da mijinta ko wata 'yar'uwarta a bar su su zauna. A goge janbaki da hoda mai kauri. Namiji ya cire hula ko rawani da tabarau.

Gargaɗi: hoton fuskar mara lafiya ba ya shiga zauren WhatsApp, ko na abokan aiki ne, sai da yardarsa a rubuce.

3. Daidaita kai, a saki leɓe

Wannan matakin ne ke gyara aikin ko ya ɓata shi, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa.

Kada ka auna mutum yana kwance a kujerar haƙori. Kwanciya tana jan nama baya, haɓa ta sauka, duk abin da ka auna zai canza da zarar ya miƙe. Ya tsaya da ƙafafunsa, ko ya zauna a kujera marar jingina, madubi yana gabansa kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, daidai tsayin idonsa. Ka ce masa ya ɗaga kai sama, ya sunkuyar, ya yi ta rage motsin har ya tsaya yana kallon ƙwayar idonsa a madubi. Yadda kansa ya zauna a wannan lokacin, shi ne zamansa na yau da kullum, kuma da shi ake aiki. Don ka tabbatar, duba layin da ya tashi daga saman ramin kunne zuwa ƙashin ƙarƙashin ido: ya kamata ya yi kusan kwance daidai da ƙasa.

Mutanenmu da yawa, musamman mata da samari a gaban wanda suke jin nauyinsa, sunkuyar da kai suke yi. Kada ka kama haɓa ka ɗaga da hannunka. Ka matsa gefe, ka daina kallonsu, ka ce, "Ƙanwata, dubi idonki a madubi kawai," ka ba su ɗan lokaci.

Sai leɓe. Ya haɗiye yawu, turame su taɓa juna a hankali ba tare da cizo ba. Daga nan ya ce "amma" ya bar bakin yadda kalmar ta ƙare. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɓoye haƙoransa ba zai saki leɓe a karon farko ba. Ka dubi fatar haɓarsa: idan ta yi ƙudu-ƙudu kamar bawon lemo, to da ƙarfi ya rufe bakin, a sake.

Na taɓa yin wannan kuskuren da wani saurayi ɗan kasuwa. Hotonsa ya nuna leɓe a rufe, na rubuta cewa suna haɗuwa lafiya. Sai da ya dawo yana zaune a benci yana duba wayarsa, bai san ina kallonsa ba, na ga bakin a buɗe, haƙoran gaba suna kan leɓen ƙasa. Da muka sake awo ratar ta kai milimita 7, tsarin aikin gaba ɗaya ya canza. Yanzu nakan leƙa mutum tun yana jiran layi.

Gargaɗi: lokacin hunturu leɓe na tsagewa, mutum yana ta lasa yana matsewa. A shafa ɗan man kaɗe ko basilin, a jira, a goge kafin awo. Wanda mura ta toshe wa hanci a ɗaga masa zuwa wani mako, domin da baki yake numfashi.

4. Sa alamomi

Da jagira, ka ɗiga ƙananan ɗigo a tsakiyar fuska: inda gashi ya fara a goshi, tudun da ke tsakanin gira biyu, kwarin da ke saman karan hanci, tsinin hanci, gindin hanci, inda ginshiƙin da ya raba kafofin hanci ya haɗu da leɓe, bakin jan leɓen sama, bakin jan leɓen ƙasa, kwarin da ke tsakanin leɓen ƙasa da haɓa, wurin da haɓa ta fi turowa gaba, sai can ƙarƙashin haɓa.

Gemu yana ɓoye ɗigo biyun ƙarshe, kuma su ne ginshiƙin awon gefe. Ba na ce wa kowa ya aske. Nakan jiƙa gemun in kwantar da shi, in laluba da yatsa, in rubuta a takarda cewa awon haɓa na ƙiyasi ne, in dogara da hoton ƙashi a wannan wurin. Mai sanƙo kuma ba a yi masa awon daga gashi zuwa tsakanin gira.

Gargaɗi: tsagar gado, irin wadda ake gani a fuskokin dattawan Gobirawa da Katsinawa, ba ma'auni ba ce. Wanzami da ido ya yi ta, tana iya sa ka ga karkata inda babu.

5. Awo daga gaba

Tsaya daidai gabansa, idonka a tsayin idonsa. Bakin ma'auni ya taɓa fata kawai, kada ya lotsa ta.

Fara da tsawo. Fuska kashi uku ce: daga gashi zuwa tsakanin gira, daga nan zuwa gindin hanci, daga gindin hanci zuwa ƙarƙashin haɓa. Ana so su yi kusa da juna, kuma na ƙasa ne ya fi damunmu. Shi ma ka raba shi: leɓen sama kashi ɗaya, leɓen ƙasa da haɓa kashi biyu. Tsawon leɓen sama, daga gindin hanci zuwa ƙarshen leɓe, littafi yana ba da milimita 19 zuwa 22, na maza ya fi na mata.

Sai abubuwa uku da nake ɗauka sun fi kowane layi muhimmanci. Ratar da ke tsakanin leɓe biyu idan an sake su: har zuwa milimita 4 ba matsala, abin da ya wuce haka leɓen ba sa haɗuwa sai da ƙoƙari. Yawan haƙorin gaba na sama da ke leƙowa ƙarƙashin leɓe a sake: milimita 2 zuwa 4 ga matashi, ya fi yawa ga mata, yana raguwa da shekaru. Sai dasashin da ke fitowa idan ya yi murmushi: abin da ya haura milimita 3 a rubuta shi. Murmushin gaske ake so, ba na hoton katin ɗan ƙasa ba, don haka ka ja shi da hira har ya saki fuska.

Faɗi ba ya ɗaukar lokaci. Auna tsakanin lungunan ido na ciki, da faɗin hanci, da faɗin baki. Littafi zai ce faɗin hanci ya yi daidai da tsakanin idanu. A fuskar baƙar fata hanci yakan fi faɗi, wannan halitta ce, ba cuta ba. Daga nan ka riƙe zare daga tsakanin gira ya sauko, ka ga ko tsinin hanci da kwarin leɓen sama da tsakiyar haƙora da haɓa suna kan layi ɗaya. Kaucewar da ba ta wuce milimita 2 ba, ido ba ya cika kama ta.

Gargaɗi: kowane awo sau biyu. Idan bambancin ya wuce milimita 1, a yi na uku.

6. Ɗauki hoton gefe

Ɗora wayar a kan abin ɗorawa, tsayin kyamara daidai da tsakiyar fuska, nesa da mutum aƙalla mita ɗaya da rabi, ka jawo hoton da kyamarar nesa ta wayar idan tana da ita. Ɗauki gefen dama kullum. Zaren mai nauyi ya rataya a gaban fuska ya fito cikin hoton, shi ne zai nuna maka tsaye na gaskiya. Rula ma ta fito, a riƙe ta daidai tsakiyar fuska, gaban hanci, don ka iya mayar da awon hoto zuwa milimita.

Hoton gefe ya yi daidai idan kana ganin gashin ido na ɓangare ɗaya kawai, girar can ɓangaren ba ta leƙo ba. Ka ƙara na gaba guda biyu, leɓe a sake da kuma murmushi. Ka manna tef a ƙasa inda mutum ke tsayawa da inda waya take, don hoton bayan shekara biyu ya yi daidai da na yau.

Gargaɗi: hoton kusa yana kumbura hanci da baki, ya tura kunne baya. Kuma a kashe duk abin da ke gyara fuska a kyamarar, domin wasu wayoyi suna rage hanci su sirantar da haɓa ba tare da an sa su ba.

7. Ja layuka

Ko ka buga hoton a takarda ka yi da fensir da ma'aunin kusurwa, ko ka sa shi a kwamfuta. Manhajar ImageJ kyauta ce, tana auna tsawo da kusurwa da zarar ka nuna mata rular da ke cikin hoton. Ƙa'idar rubutu: leɓen da ke gaban layi a sa masa alamar tarawa, na baya alamar ɗebewa.

Layuka uku ne, kowanne da sunan likitan da ya fito da shi. Layin Ricketts yana tashi daga tsinin hanci zuwa tudun haɓa. Ga manyan Turawa, leɓen sama yana bayan layin da kamar milimita 4, na ƙasa da kamar 2. Layin Steiner yana tashi daga tsakiyar ginshiƙin hanci zuwa haɓa, ana so leɓe biyu su taɓa shi. Layin Burstone daga gindin hanci ne zuwa haɓa, leɓen sama yana gabansa da kamar milimita 3.5, na ƙasa da 2.2.

Sai kusurwoyi. Ta tsakanin ginshiƙin hanci da leɓen sama, Legan da Burstone a 1980 sun ba da digiri 102, da sassaucin 8 sama ko ƙasa. Lanƙwasar fuska, daga tsakanin gira zuwa gindin hanci zuwa haɓa, sun ba da digiri 12 da sassaucin 4. Zurfin kwarin ƙarƙashin leɓen ƙasa kamar milimita 4.

To ga inda ake faɗawa rami. Awon da likitocin gyaran haƙori suka yi a Jami'ar Legas a kan matasan Najeriya masu lafiyayyen jerin haƙora ya nuna leɓensu yana gaba sosai fiye da waɗannan lambobi. Ma'ana, mutum lafiyarsa ƙalau, cizonsa daidai, fuskarsa da kyau, amma leɓensa ya tsallake layin Ricketts, kusurwar hancinsa kuma ta fi ta littafi matsewa. Idan ka ɗauki lambar Turawa a matsayin hukunci, kusan duk wanda ya shigo ɗakinka za ka rubuta masa cire haƙori.

Awon Legas ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba, amma shi ma kada ka ɗauke shi kamar an saukar. A rana ɗaya a Maraɗi za ka duba Bahaushe, ka duba Bafulatani, ka duba Buzu da Babarbare. Mai dogon hanci, layin Ricketts zai nuna leɓensa a baya ko da haƙoransa sun turo. Mai gajeren hanci, zai nuna leɓen a gaba ko da haƙoran suna zaune daram. Haka ma ƙaramar haɓa take ruɗar da layin. Shi ya sa na fi sakin jiki da layin Burstone, tunda bai dogara da tsinin hanci ba, kuma ba na yanke magana da layi ɗaya.

Gargaɗi: idan hanci ya ɗage sama, kusurwar hanci da leɓe za ta buɗe ko da leɓen yana inda ya kamata. Ka duba wane ɓangare ne ya jawo lambar, hancin ko leɓen.

8. Hoton ƙashi

Hoton kyamara yana nuna nama, ba ya nuna abin da ke riƙe da shi. Duk wanda ake tunanin cire masa haƙori ko yi masa aikin muƙamuƙi, sai an yi masa hoton ƙashin kai daga gefe, a na'urar da ke riƙe kai ta kunnuwa. A nan ne za ka ga kaurin leɓe, da yadda haƙoran gaba suka jingina, da matsayin muƙamuƙin sama da na ƙasa.

Idan babu na'urar a kusa, tafiya ce: ko Yamai, mai nisan sama da kilomita 600, ko a bi ta Ɗan Isa da Jibiya a shiga Katsina zuwa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. Ka rubuta wa mai ɗaukar hoton a takarda cewa turame a haɗe, leɓe a sake, kuma a haɗa da hoton dukan haƙora a tafiya guda, don kada mutum ya biya kuɗin mota sau biyu.

Gargaɗi: a tambayi mace ko tana da juna biyu kafin a tura ta. Kuma hoton yana ƙara girman abu kaɗan, sau da yawa kusan kashi 10 cikin 100, don haka a daidaita da rular da ke jikin na'urar kafin a rubuta milimita.

9. Karanta lambobin tare

Shimfiɗa komai a teburi ɗaya: abin da mutumin ya ce, awon gaba, layukan gefe, hoton ƙashi, da samfurin haƙoransa, wato kwafin jerinsu da aka ɗauko daga bakinsa.

Turowar haƙoran gaba na sama da na ƙasa tare abu ne da ake yawan gani a wajenmu. Maganin da aka saba shi ne cire ƙananan turame huɗu da ke bayan fiƙoƙi, a ja na gaba baya. Aiki ne mai kyau ga wanda ya dace da shi, kuma haƙorin da aka cire ba ya dawowa. Ni ina karkata ga cirewa idan abubuwa sun taru: leɓe ba sa haɗuwa a sake, haɓa tana ƙudu-ƙudu idan an rufe, hoton ƙashi ya nuna haƙoran sun kwanta gaba sosai ko babu wurin da za su jeru, kuma mutumin da bakinsa ya ce turowar ce ta dame shi. Idan leɓe suna haɗuwa cikin sauƙi, cizo daidai, layin littafi kaɗai ne ya ce suna gaba, ba na taɓawa.

Kaurin leɓe yana canza lissafi. Siririn leɓe yana bin haƙori baya sosai, mai kauri kuwa kaɗan yake motsawa. Kada ka yi wa mai kaurin leɓe alkawarin bakinsa zai koma ciki da yawa. Ka tuna kuma babba ba ya ƙara girman ƙashi, leɓensa kuma yana ƙara sirancewa da shekaru, don haka jan haƙora baya fiye da kima yana tsofar da fuska. Idan matsalar daga ƙashi take, kamar haɓar da ta koma baya sosai ko muƙamuƙin ƙasa da ya zarce, waya kaɗai ba za ta gyara ba, a tura shi ga likitan tiyatar muƙamuƙi.

Kafin a sa hannu, ka zauna da shi ku yi lissafin kuɗi a fili. Aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana dawowa kowane mako huɗu zuwa shida, bayan an cire waya kuma akwai abin riƙewa da zai ci gaba da sawa. Wanda zai riƙa zuwa daga Tasawa ko Dakwaro, ko wanda za a tura Kano, kuɗin hanya yana cikin kuɗin magani. Wanda aka cire wa haƙora huɗu ya kasa dawowa a tsakiyar aiki, ya koma gida da giɓi huɗu da waya a baki, gara tun farko ba a fara ba.

Gargaɗi: ba a sa waya a kan dasashi mai jini ko haƙori mai girgiɗi. A fara wanke haƙora, a cike masu rami, a jira dasashi ya warke. Sannan ka rubuta ranar awo a kan kowane hoto, ka ajiye kwafi a wuri biyu, domin da su za ka gwada idan an kai rabin aiki.